Shekarar da ba a kawo maganin ba: nazarin aikin Cibiyar Carter a Filato

Wajen shekarar 2013 Baffa ya zo mana Jos daga ƙauyenmu na ƙasar Kanam, ransa a ɓace. Ko ruwa bai gama sha ba ya fara ƙorafi. Shekara goma ke nan ana kawo musu ƙwayoyin nan da ake rabawa gida-gida, bana shiru, ba mai sandar awon tsayi, ba mai littafin rajista. Shi dai ya riga ya yanke hukunci: wani ya karkatar da maganin ya kai kasuwa. Ya dube ni ya ce, "Kai da kake cikin gari, ka bincika mana. Talaka ba ya da wanda zai tsaya masa."

Na ce, "To Baffa, in Allah ya yarda zan tambaya." Da na tambaya sai na tarar babu wanda ya saci komai. An daina kawo maganin ne saboda an gwada jinin mutane, an ga sauro ba ya ƙara yaɗa tundurmi, cutar da ake ba da maganin dominta. Aikin ya kai inda aka nufa tun farko. Baffa bai yarda nan take ba, kuma ban ga laifinsa ba. Duk tsawon rayuwarsa bai taɓa ganin an dakatar da wani taimako don an kammala shi ba. Abin da ya saba gani shi ne kuɗi su ƙare, ko masu aikin su gaji, ko a canza gwamnati, allon ya yi tsatsa a bakin hanya.

Wannan rubutu nazari ne a kan yadda gidauniya ɗaya, Cibiyar Carter, ta shafe fiye da shekara 30 tana aiki a Najeriya har aka kai ga irin wannan rana, da kuma mutanen da ranar ta zo ta same su a makare.

Daga kurkunu aka fara

Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da matarsa Rosalynn suka kafa cibiyar a 1982 a birnin Atlanta, shekara guda bayan ya bar mulki. A 1986 ta ɗauki yaƙi da kurkunu, lokacin da aka ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa da shi duk shekara a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. Ta shigo Najeriya a 1988. Ƙidayar farko da aka yi ƙauye-ƙauye ta gano masu kurkunu sama da 650,000, adadin da babu ƙasar da ta kai shi a duniya.

Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, sai dai a ba su labari. Mutum ya sha ruwan tafki ko kududdufi mai ɗauke da wasu mitsi-mitsin ƙwari, a cikinsu 'ya'yan tsutsar suke. Shekara guda ba ya jin komai. Sai wata rana bororo ya fito, galibi a ƙafa, da zafi kamar an ɗora garwashi. Ya ruga ya tsoma ƙafar a ruwa don ya sami sassauci, tsutsar ta zuba dubban 'ya'yanta a cikin ruwan da gari ke sha. Tsawonta kan kai mita guda, kuma ba a fizgo ta. Sai dai a riƙa naɗe ta a jikin tsinke kaɗan-kaɗan, makonni ana yi. Ga shi lokacin da take fitowa yakan faɗo daidai lokacin aikin gona, gida guda a kwantar da majiya ƙarfi uku.

Kurkunu ba shi da ƙwaya, ba shi da allurar rigakafi. Abin da aka yaƙe shi da shi ƙyallen tace ruwa ne, da ɗan bututu mai rariya da makiyayi ko matafiyi zai rataya a wuya ya zuƙi ruwa da shi, da maganin Abate da ake zubawa a tafki, sai kuma mutumin gari da aka ɗora wa alhakin ya hana mai ciwo shiga ruwa ya kuma kai rahoto. A ƙarshen shekarun 1990 Janar Yakubu Gowon, ɗan ƙasar Kanke a nan Filato, ya shiga aikin. Yana zuwa ƙauyuka da kansa, yana matsa wa gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi su haƙa rijiyoyin burtsatse, yana kuma komawa ya duba ko an cika alkawari. Mutum na ƙarshe da ya yi kurkunu a Najeriya an same shi a jihar Inugu a Nuwamba 2008, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ƙasar ta rabu da cutar a Disamba 2013.

Na kawo kurkunu ne domin a nan cibiyar ta koyi salon da ta zo ta yi amfani da shi a Filato: ka dogara da mutanen gari, ka ƙirga kowane kai, kada ka tafi sai lissafin ya koma babu.

Sanda, littafi da ƙwaya

Babban ofishin cibiyar na Najeriya a Jos yake, kuma Dakta Emmanuel Miri ya yi shekaru masu yawa yana shugabantarsa. Daga nan ake kula da aiki a Filato da Nasarawa da wasu jihohi bakwai na kudu. Amma Filato da Nasarawa, waɗanda jiha ɗaya ce kafin 1996, su ne gonar gwajin. Ƙananan hukumomi 30 ne, 17 a nan, 13 a can.

Cuta ta farko da aka tunkara da ƙwaya ita ce makantar rafi. Wani ɗan baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu kan duwatsu ke yaɗa ta, kuma Allah ya hore wa ƙasarmu irin waɗannan rafuka. Uwar tsutsar takan dunƙule a ƙarƙashin fata ta yi kullutu, ta yi shekara 10 zuwa 15 tana haihuwa. 'Ya'yan ne ke yawo a jiki, su jawo ƙaiƙayin da ke hana barci, fatar ƙwauri ta yi dabbare-dabbare kamar ta damisa, in sun kai ido a hankali gani ya tafi. A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da maganin Mectizan kyauta, iya yawan da ake buƙata, iya tsawon lokacin da ake buƙata. An fara raba shi a Filato a farkon shekarun 1990, Cibiyar Carter ta karɓi ragamar tallafa wa aikin a 1996.

Ga inda gizo ke saƙar. Mectizan 'ya'yan yake kashewa, ba ya kashe uwar. Saboda haka dole a sha shi duk shekara, gari gaba ɗaya, mai ciwo da mai lafiya, har sai iyayen sun tsufa sun mutu don kansu. Duk wanda zai shiga wannan aiki ya san tun ranar farko cewa shekara 15 ce mafi ƙaranci. Gidauniyar da ke neman hoton buɗe taro da yanka kirtani ba za ta ko kalle shi ba.

A shekarar 2000 aka ɗora tundurmi a kan wannan tsari, aka fara da Pankshin da Akwanga, kafin a game dukkan ƙananan hukumomi 30 a 2003. Tundurmi sauro ke kawo shi, irin sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro. Tsutsar takan zauna a hanyoyin ruwan jiki ta lalata su, ƙafa ta kumbura, ga maza kuma ta jawo gwaiwa. Maganinsa Mectizan ɗin nan ne a haɗa da albendazole, wanda kamfanin GlaxoSmithKline ke bayarwa kyauta. Mai rabawa ɗaya, zuwa ɗaya, cuta biyu. An kuma haɗa da maganin tsargiya ga yara 'yan makaranta, da na amosanin ido, da gidan sauro mai magani. A ganina wannan haɗin shi ne dabara mafi tsada a duk aikin, domin hanya ɗaya aka share, aka riƙa ɗora mata kaya.

Na taɓa ganin rabon da idona wani hutu da na je gida. Mai rabawar malamin firamare ne ɗan garin, jama'a suka zaɓe shi a ƙofar gidan mai unguwa. Kayan aikinsa sanda ce doguwa da aka shafa wa fenti kala-kala, da littafin rajista da ya sha hannu har bangonsa ya yi laushi, da robar ƙwayoyi. Ba sikeli, ba allura. Mutum ya tsaya jikin sandar, inda kansa ya kai shi ke nuna ƙwaya nawa zai sha, daga ɗaya zuwa huɗu. Yaron da bai kai santimita 90 ba a bar shi sai baɗi. Mai ciki ba ta sha, haka wanda ke kwance ba lafiya. Kuma ba a ba mutum ya tafi da shi ɗaki, a gaban malam zai haɗiya.

Da ya zo kan wani dattijo, sai dattijon ya ce, "Malam, bari sai na ci tuwo zan sha." Malam ya durƙusa ya ce, "Baba, a yi mini haƙuri. In ban ga ya wuce ba, ba ni da ikon sa alama a littafin nan." Ya zauna ya jira har aka kawo ruwa a moɗa. Wannan mutum ba albashi ake biyansa ba. Wata shekara gari ya haɗa masa ɗan hatsi, wata shekara sai godiya. Tsakanin 2000 da 2012 an raba maganin tundurmi sama da sau miliyan 36 a jihohin nan biyu, kuma kowane ɗaya ta hannun irinsa ya bi.

Ba a rasa turjiya ba. A zagayen farko masu tsutsa da yawa a jiki sukan yi zazzaɓi ko ƙaiƙayi ko kumburi na kwana biyu, sai magana ta bazu cewa maganin ne ke sa ciwo. Ga kuma tsohon zargin nan na cewa duk abin da Bature ya ba da kyauta akwai hana haihuwa a ciki, zargin da ya kai ga dakatar da rigakafin shan-inna a wasu jihohin Arewa a 2003. Abin da ya taimaki wannan magani shi ne jiki magayi. Uwa ta ba ɗanta, washegari ta ga tsutsar ciki ta fita, ƙazwa ta bushe, ƙwarƙwata ta mutu. Sannan wanda ya miƙo maganin ɗan uwanka ne, kun san gidan juna, kuma shi ma a gabanka ya sha nasa.

Kada a manta shekarun da aka yi wannan aiki a cikinsu. Rikicin Jos na Satumba 2001, na Nuwamba 2008, na Janairu 2010, da abin da ya faru a Yelwan Shendam a 2004, duk a tsakiyarsa suka faɗo. Garin nan ya rabu, akwai unguwar da Musulmi ba ya shiga, akwai wadda Kirista ba ya shiga. Sauro da baƙin ƙuda kuwa ba ruwansu da wannan iyaka, in an tsallake unguwa ɗaya an ɓata aikin maƙwabtanta. Tsarin da ya sa kowace al'umma ta fitar da mai raba mata daga cikinta shi ya sa maganin ya iya kaiwa inda baƙo ba zai taka ba.

Yadda aka san lokacin tsayawa ya yi

Wannan ne ɓangaren da na yi ta ƙoƙarin fahimtar da Baffa. Ba ra'ayin wani ba ne, awo ne. 'Ya'yan tsutsar tundurmi da dare suke fitowa cikin jini, daidai lokacin cizon sauro, don haka a wasu ƙauyuka da aka keɓe ma'aikata kan zo da tsakar dare su ɗiga jinin yatsa su duba. Ana kama sauro a ɗakuna a feɗe shi. Ana gwada yaran firamare 'yan shekara shida da bakwai, domin su an haife su ne bayan fara rabon, in jininsu ya fito fes to cutar ta daina yawo. Ta ɓangaren makantar rafi kuma akwai mutanen da aikinsu shi ne su zauna bakin rafi tun safe su naɗe ƙafar wando, ƙuda ya sauka su kama shi da ɗan kwalba kafin ya ciza. Dubban ƙudajen nan ake kaiwa ɗakin gwaje-gwaje na cibiyar a Jos a nemi alamar tsutsar a jikinsu.

Bayan an dakatar da magani ma ba a tafi ba, an ci gaba da sa ido na shekaru. Sai a Oktoba 2017 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da cibiyar suka bayyana cewa tundurmi ya daina zama barazana ga lafiyar jama'a a Filato da Nasarawa. A 2018 aka daina raba maganin makantar rafi ga mutum kusan miliyan 2 a jihohin biyu, a 2021 aka tabbatar yaɗuwarta ta ƙare. Su ne jihohin farko a Najeriya, ƙasar da ta fi kowace yawan masu wannan cuta.

A wajen ƙasar nan ma sawun iri ɗaya ne. Shirin da cibiyar ke jagoranta a nahiyar Amurka ya kai Kolombiya ga rabuwa da makantar rafi a 2013, Ekwado a 2014, Meziko a 2015, Gwatamala a 2016. An daɗe ana cewa wannan a can ne kawai zai yiwu, Afirka sai dai a rage. Abin da aka gani a Filato yana cikin hujjojin da suka karya wannan magana. Kurkunu kuwa, daga miliyan 3.5 ya dawo mutum 13 a duk duniya a 2022, da 14 a 2023. Ragowar ta maƙale a wurare irin su Chadi da Sudan ta Kudu da Mali da Habasha, kuma bayyanar tsutsar a jikin karnuka, musamman a Chadi, ta ja wa aikin tsawo. Carter ya taɓa faɗa a 2015 cewa burinsa kurkunu na ƙarshe ya riga shi mutuwa. Ya rasu ranar 29 ga Disamba 2024 yana da shekara 100, saura ƙiris.

Akwai wani gyara da ya kamata a yi wa yadda ake ba da labarin nan. Sau da yawa akan faɗe shi kamar wani dattijo ne daga Amurka ya zo ya warkar da mu. Cibiyar ta kawo kuɗi, da horo, da motoci, da ɗakin gwaji, da naci wajen ƙididdiga, kuma sunan mai ita ya buɗe ƙofofin da da ba za su buɗu ba. Kamfanoni sun kawo ƙwaya. Amma ma'aikatan lafiya na jiha da na ƙananan hukumomi, da dubban masu sanda da littafi, su suka taka ƙasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya dame ni shi ne rabon nauyin bai zo daidai ba. Kason da ya kamata gwamnatocinmu su zuba yakan zo a makare ko ya zo a gutsure, aka bar mai aikin sa kai da godiya. Da aka rushe hukumar agajin Amurka ta USAID a 2025, shirye-shiryen irin waɗannan cututtuka a ƙasashe da dama sun girgiza, ciki har da masu magani a ajiye ba kuɗin kai shi ƙauye. Jihohin da ba su kai inda Filato ta kai ba, wannan ya isa ya hana su barci.

Ƙafar Gwaggo

Duk abin da na lissafa a sama bai rage kumburin ƙafar Gwaggo da ko yatsa ɗaya ba. Ƙanwar mahaifina ce, tana zaune tare da mu a unguwar Gangare a Jos tun bayan rasuwar mijinta. Ƙafarta ta hagu ta fara hawa tun tana da goyon fari, shekaru kafin a san da wani rabon magani. An ce sammu ne, an ce ta taka wani abu a hanyar rafi. An yi rubutu, an yi turare, an yi tsaga, tsagar ma ta ƙara mata ciwo. Ƙwayoyin nan suna kare wanda bai kamu ba, suna kashe 'ya'yan tsutsa, amma hanyar ruwan da ta riga ta lalace ba ta gyaruwa.

Abin da ya fi wahalar da ita ba nauyin ƙafar ba ne. Zazzaɓin nan ne da kan taso mata lokaci-lokaci, ƙafar ta yi ja ta yi zafi, ta kwana uku ba ta san inda kanta yake ba. Kowane tashi kuma yakan bar ƙafar ta fi da girma. Sai da wata ma'aikaciyar lafiya ta haɗa ta da ƙungiyar taimakon juna ta masu tundurmi, irin waɗanda cibiyar ke tallafawa a Filato da Nasarawa, muka gane cewa ƙwayoyin cuta ne ke shiga ta 'yan tsagogin fata da tsakanin yatsu. Maganin abin kuwa ruwa mai tsabta ne da sabulu.

Kullum bayan sallar asuba takan zauna kan kujera 'yar tsugunne da roba biyu. Ta wanke ƙafar tun daga gwiwa, ta bi kowane lanƙwasa na fata da ɗan ƙyalle mai laushi, ta bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta tsane sosai don damshi shi ne abokin gaba. In ta ga ɗan rauni ta shafa magani. Sannan ta ɗora ƙafar kan matashi tana juya idon sawu tana lazimi. Da dare a sa bulo a ɗaga ƙafafun gadon ta wajen sawu. Takalminta wani mai gyaran takalma a bakin kasuwa ya ɗinka mata shi, ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Tun da ta kama wannan, zazzaɓin ya ja baya ƙwarai.

Wata rana na ce mata, "Gwaggo, ashe dai sabulu ne." Ta ce, "Ɗan nan, ba sabulun kaɗai ba. Shekara nawa ina jan zane ina rufe ta, ko biki ba na zuwa. Ran da na shiga ɗakin nan na ga mata sun kai goma kowa da irin tawa, a ranar na fara warkewa."

A nan nake ganin aikin bai kai ba. An yi wa maza da dama tiyatar gwaiwa, ƙungiyoyin nan ma suna nan, amma masu ɗauke da kumburi a ƙauyuka sun fi ƙarfin abin da aka tanada. Sanarwar 2017 ta sa wasu jami'ai suna magana kamar an rufe littafin tundurmi, alhali mutum irin Gwaggo zai rayu da shi har ƙarshen kwanansa. Tana buƙatar ruwa, a garin da famfo kan yi makonni bai kawo ba, sai an saya wajen 'yan garuwa. Tana buƙatar ma'aikacin asibitin unguwa da ya san yadda ake kula da irin ƙafarta, ba wanda zai kalle ta ya kawar da kai ba. Waɗannan ba su da tsada, kuma ba sai an jira wani daga Atlanta ba. Aikin ma'aikatar lafiya ta jiha ne, da ƙananan hukumomi, da masu hannu da shuni na garin nan da ke fitar da zakka duk shekara.

Baffa ya sake zuwa bara, ya kawo jikokinsa biyu za a sa su makaranta a Jos. Da safe suka tsaya suna kallon Gwaggo tana wankin ƙafa, ƙaramar ta tambaya me ya same ta, don ba ta taɓa ganin irin haka a jikin wani yaro ko budurwa a garinsu ba. Gwaggo ta ce mata sauro ne, ta kuma tambaye ta ko tana kwana cikin gidan sauro. Yarinyar ta ce wanda suke da shi ya yage. Kafin azahar Gwaggo ta kwance bakin zanenta ta ba ni kuɗi, ta ce in je kasuwar Taminus in sayo sabo.